Totur da Linzami: Yadda Ƙwayar Manhaja ke Lissafin Raguwar Gudun Kwamfuta

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan wani abu da kusan duk mai waya ko kwamfuta ya sani, wato na'ura ta ɗauki zafi sai ta shiga nawa. Za mu duba yadda babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar take lura da raguwar gudun, da yadda take ajiye lissafinsa, da kuma kalmomin da suka dace mu faɗi wannan da Hausa. Misalaina daga Upper Iweka na ɗauko su, babbar mahaɗar motoci ta Onitsha, garin da Hausawa ke kira Anacha, domin a bakin direbobi da fataken wurin na fara tsintar Hausa kafin in zo jami'a in karance ta.

Ma'anar Kalmomi

Furosesa ita ce ɗan guntun da ke yin lissafi a cikin na'ura. Tana aiki ne da bugun agogo, kuma da gigahaz ake auna bugun. Idan aka ce gudunta gigahaz 2 ne, ana nufin bugu biliyan 2 a daƙiƙa ɗaya. Ita kuwa babbar manhaja tana da wani sashe na can ciki wanda shi ne ke hulɗa da ƙarafan na'urar kai tsaye. Masu gyara suna ce masa kanel, ni kuma na fi son ƙwaya, don abin da sunan ke nufi ke nan. Wadda za mu duba ita ce ƙwayar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki cikin shekarar 1991. Ita ce kuma ke cikin wayoyin Android, har da Tecno da Infinix da ke hannun 'yan kamasho a tasha.

Kalmar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta rage gudun. Turawa sun kira shi da sunan abin nan da Hausa ta riga ta ara tuntuni a bakin direbobi, wato totur. Asalin ma'anar kalmar a can shi ne shaƙe wuya, shi ya sa ta dace da tauye gudu. Amma Bahaushe bai san totur da wannan ba. In direban babbar bas mai zuwa Kano ya ce ya taka totur, gudu ya ƙara. Saboda haka in muka ce an yi wa furosesa totur, mai sauraro zai fahimci akasin abin da muke nufi. A ganina jan linzami ya fi: dokin yana da ƙarfin gudu, hana shi aka yi.

Wa Ya Rage Gudun?

Ba kowace raguwa ce jan linzami ba. A Linux akwai sashen da ake kira gwamna, wanda ke sauke gudu idan babu aiki domin batir ya daɗe, ya kuma ɗaga shi da zarar aiki ya zo. Wannan tattali ne, kamar direban da ya sassauta ƙafa don ba ya sauri. Jan linzami kuwa shi ne a hana gudu alhali ga aiki jibge. Ya fi kama da na'urar ƙayyade gudu da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tilasta wa motocin haya sakawa gadan-gadan daga Fabrairun 2017: ko ka take totur har ƙasa, ba za ka wuce iyaka ba.

A nan nahawunmu yana da amfani. Idan na ce gudu ya ragu, na yi amfani da aikatau ɗan aji bakwai a tsarin da Parsons ya fitar a 1960, ban kuwa faɗi mai aikin ba. Idan na ce an rage gudu, na nuna akwai hannu, amma na ɓoye mai shi. Idan na ce furosesa ta rage wa kanta gudu saboda zafi, to na kawo rahoto cikakke. Aikin ƙwaya shi ne ta fitar da mu daga jimla ta farko ta kai mu ta uku.

Yadda Ake Lissafin

Wutar da furosesa ke ci zafi take komawa, kuma yawan bugu da ƙarfin wuta su ke ƙara shi. Tun daga Pentium 4 da ta fito a Nuwambar 2000, kamfanin Intel ke sa ma'aunin zafi mai jan linzami da kansa a cikin guntun. A yawancin kwamfutocin cinya iyakar tana wajen digiri 100. Da an kai nan, furosesa ba ta neman izinin kowa, sai ta sauke bugu da ƙarfin wuta. In zafin ya ƙi sauka, ta kashe na'urar baki ɗaya.

Tana yin haka sai ta ɗaga tuta biyu a wani ɗan ma'aji da ke cikinta. Ta farko tana cewa yanzu haka ana cikin zafi, kuma tana sauka da zarar an huce. Ta biyu tana cewa an taɓa yi, ita kam ba ta sauka sai manhaja ta zo ta sauke ta. Wannan dabara ta burge ni, domin zafin yakan zo ya wuce cikin ƙiftawar ido, ba don tuta ta biyu ba da babu shaida. Daga nan furosesa ta buga wa ƙwaya ƙararrawa, ƙwaya ta ajiye abin da take yi ta ƙara ɗaya a kan lissafi.

A da, ƙwayar takan rubuta gargaɗi a kundinta, amma ba fiye da sau ɗaya cikin minti 5 ba, don kada kundin ya cika da magana guda. Sai ya zamana mai karanta kundin bai san ko sau 2 abin ya faru ba ko sau 2,000. Wannan ya sa aka ware fayil mai suna core_throttle_count, wanda ke riƙe da adadin duka tun daga kunna na'ura. Shi ma bai wadatar ba. Jan linzami 500 na ɗan lokaci kaɗan bai kai guda ɗaya na rabin awa illa ba, don haka daga baya aka ƙara fayilolin da ke faɗin jimillar lokacin da kuma mafi tsawonsa. A Linux 5.7 ta shekarar 2020 kuma aka fara sanar da sashen rabon aiki, domin kada ya ɗora kaya a kan ɓangaren furosesar da zafi ya riga ya raunana.

A waya, galibi ƙwayar ce da kanta ke karanta ma'aunin ta ja linzamin. Tana rubuta zafin a ninke sau dubu, wato 45000 na nufin digiri 45. Daga Android 10 ta 2019, manhajoji na iya tambayar matsayin zafi a matakai 7, daga babu komai zuwa kashewa. Mai POS da ke ƙarƙashin lema a gindin gadar sama ta Upper Iweka, na'urarsa na caji ga rana na dukanta, yakan ɗora wa netwok laifin kowace nawa, alhali wani lokacin zafi ne.

Amfanin Rahoton

Ɗan kasuwar da ya zo sarin kwamfutocin gwanjo zai kai Fatakwal ko Inugu, lambar da ke jikin kwali yake saye. An rubuta gigahaz 2.6, kuma a minti biyun farko haka za ta yi. Idan ƙurar hunturu ta toshe fanka, ko man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe, sai bayan an biya kuɗi a ga nawa. Ana iya tayar da Linux daga filasha ba tare da an taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, a ba ta aiki mai nauyi na kamar minti 10, sannan a duba lissafin. A lura da abu biyu: adadin yana komawa sifili duk lokacin da aka sake kunnawa, kuma wannan fayil na furosesar Intel ne.

Kamfanin Apple ya amsa a Disambar 2017 cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone, irin su iPhone 6, idan batir ya tsufa, don kada wayar ta mutu ba zato. Dalilin yana da ma'ana, sai dai ba a gaya wa masu wayoyin ba, har wasu suka sayi sabuwa alhali canjin batir ya ishe su. A Maris 2018 kamfanin ya sa shafin da ke nuna lafiyar batir da ko an ja linzami, a Fabrairun 2020 kuma hukumomin Faransa suka ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda rashin sanar da masu saye.