Suturar Shiga Gidajen Bautar Buda a Bangkok

Ɗan kasuwar Arzeke ta Parakou ko na Djougou da ya je sarin kaya Bangkok, in ya gama da kasuwar Pratunam kuma jirgi bai tashi ba, yakan so ya leƙa tsohuwar fadar sarkin Tailan da gidajen bautar Buda. Kayanmu na gida sun wadatar. Inda baƙo ke tuntuɓe shi ne takalmi, hula da zama.

1. Ware kayan tun da dare. Kaftani da dogon wando na yadi marar nauyi sun isa. Shadda mai sitaci ka bar ta a akwati, don zafin Bangkok da gumi yake zuwa, musamman a Afrilu. Hajiya, atamfa riga da zane ko abaya daidai ne, muddin kafaɗa da gwiwa a rufe suke.

2. Ɗaga rigar ka duba ta a haske. Leshi mai huji da yadi shara-shara ba sa wucewa a gidan bauta na Wat Phra Kaew, wanda ke cikin fadar da aka kafa a 1782. Gajeren wando, matsattsen wando da riga marar hannu ma haka. Wanda aka mayar sai ya sayi wando mai zanen giwa a bakin titi, a kuma tsuga masa kuɗi.

3. Sa takalmi sau-ciki, ba mai igiya ba, don za ka yi ta cirewa kana sawa. Haɗa da safa. Daɓen tsakar gida yana ƙona tafin ƙafa da rana tsaka.

4. Yi sammako. Ana buɗe fadar da ƙarfe 8:30 na safe. In mai keken tuk-tuk ya tare ka ya ce yau a rufe take, kada ka saurare shi, ƙarasa ƙofa ka gani da idonka.

5. A bakin ɗakin gunki, tuɓe takalmi kamar yadda kake yi a ƙofar masallaci. Cire hula da tabarau na rana ka riƙe. Mayafi da hijabi ba a hana su. A gidan bauta na Wat Pho, inda gunkin da ke kishingiɗe ya kai mita 46, akan ba da jaka ka zuba takalminka ka shiga da shi.

6. Tsallake dokin ƙofa, kada ka taka shi. In za ka zauna, lanƙwashe ƙafafu ta baya. Miƙe ƙafa wajen gunki ko wajen limamin addinin Buda babban cin fuska ne a can. Babu mai tilasta maka rusunawa, kallo ya kawo ka, sai dai ka rage murya.

7. Hajiya, ki ba limamansu masu mayafi ruwan goro hanya, kada gefen gyalenki ya taɓa su. In za ki ba su wani abu, ajiye shi a gabansu ko ki miƙa wa namiji ya ba su.