Ɗana Ya Nace Sai Kimiyyar Sinadaran Iska

Tambaya: Ɗana ya ce sinadaran sararin samaniya zai karanta. Akwai abinci a ciki?

Amsa: Hajiya, ki sa masa albarka. Ga misali: Mario Molina, ɗan Meziko, da injiniyancin sinadarai ya fara, ya yi digirin dakta a Amurka. A 1974 shi da Sherwood Rowland suka nuna iskar firji da ta gwangwanin feshi tana cinye ozon, garkuwarmu daga hasken rana mai ƙona fata. A 1995 suka sami kyautar Nobel tare da Paul Crutzen.

Hanyar doguwa ce, sai ɗanki ya riƙe lissafi gam. Aiki kuwa ga shi a ƙofar gida: ƙurar hunturu daga Bodele ta Chadi, hayaƙin janareta, hayaƙin itacen girki, duk suna jiran mai aunawa. Kuɗi ba sa zuwa da wuri, ki shirya tallafa masa.