Uwargida, Sauke Goyon Kafin Ki Hura Wuta

Ki ɗaga kai ki dubi rufin madafinki. Baƙar kunkunniyar da ta manne a jikin azara, irinta ce ke shiga ƙirjinki kullum, har da na jaririn da ke bayanki. Shi ya fi ki numfashi da sauri, huhunsa kuma bai yi ƙwari ba. Ciwon nimoniya na cikin manyan masu kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5, hayaƙin girki kuwa na ƙara haɗarinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida na hallaka kimanin mutum miliyan 3 duk shekara.

Ba kowa ke da kuɗin gas ba, na sani. To a shanya itace ya bushe sosai, ɗanye shi ke turnuƙe gida. A yi girki a tsakar gida in da hali, ko a fasa taga a madafi. Leda da roba da ake kunna wuta da su, don Allah a daina, guba ce tsagwaronta.

Maigida, ga naka. Da sanyin hunturu kada a kwana da kaskon garwashi a ɗaki rufe, kada kuma a tayar da janareto a zaure ko gindin taga. Dukansu suna fitar da wata iska marar wari marar launi, mai sa ciwon kai da jiri, wadda ke kashe mutum cikin barcinsa.

Mai tarin da ya kai mako 2 bai tafi ba, a kai shi asibiti a gwada majina. Yaron da numfashinsa ke sarƙewa kuwa, kada a bari ya kwana a gida.