Ƙiba da Rage Tuwo

A wurinmu in mutum ya yi teɓa akan ce ya ji daɗi. Amma likitoci sun nuna ƙiba mai yawa takan jawo ciwon sukari, da hawan jini, da ciwon gwiwa. Manzo Bulus kuwa ya koya mana a 1 Korantiyawa 6 jikin mai bi ba nasa ba ne, wurin zaman Ruhu Mai Tsarki ne. Domin wannan muna so mu duba wata dabara da waɗansu 'yan'uwa suke bi, watau rage abinci mai sitaci da sukari.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Akwai wani mutumin Landan, William Banting, mai sana'ar shirya jana'iza. Gajere ne, amma nauyinsa ya kai laba 202, kimanin kilo 92, har ba ya iya sunkuyawa ya ɗaura takalminsa. A 1862 likitansa ya hana shi burodi, da dankali, da sukari, da madara, da giyar hatsi. Cikin shekara guda ya rage laba 46. Ya buga labarinsa a 1863. Daga baya Dokta Atkins na Amurka ya sake yaɗa wannan hanya da littafinsa na 1972.

Ga yadda abin yake. Tuwo, da shinkafa, da doya, da rogo, da fura, in sun shiga ciki sukan zama sukari a jini. Jiki yakan yi aiki da wani, ya ajiye wani a hanta da tsoka, rarar kuwa ta zama kitse. Abin da ke hanta da tsoka tare da ruwa ake ajiye shi. Saboda haka nauyin da mutum ya zubar a makon fari yawancinsa ruwa ne, kada ya yi saurin murna. Amfanin dabarar na gaskiya shi ne, ƙwai da kifi da gyaɗa da ganye sukan riƙe ciki, mutum ya ci kaɗan.

Ba ta fi sauran hanyoyi ba ƙwarai. A 2018 masana na Jami'ar Stanford suka buga gwajin da suka yi da mutum 609. Bayan wata 12 masu rage sitaci sun zubar da kimanin kilo 6, masu rage mai kilo 5 da ɗoriya. Kusan ɗaya ke nan.

A ganinmu ba lalle magidanci ya bar tuwo ɗungum ba, gama nama da tsada, ba kuwa daidai ba ne ya cinye kuɗin cefanen yara a kan tsire. Ya fara da lemon kwalba da sukarin shayi. In ya saba cin malmala uku, ya ci ɗaya, a yawaita masa miyan kuka ko zogale. In an kai masa shinkafa wurin biki, ya ci kaɗan da godiya, kada ya raina mai ci da yawa, gama Romawa 14 ta hana mu hukunta juna a kan abinci.

Wannan magana ba ta manomi mai wuni a gona ba ce, ba kuwa ta yara ko mace mai ciki ko mai goyo ba. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita tukuna. Mai shan maganin sukari ko mai allurar insulin kuwa, in ya rage tuwo bai gaya wa likita ba, sukarin jininsa yana iya faɗuwa ƙasa har ya suma.