Darasi na 17: Jan Kunne ko Takarda?

Hanyar mota ta taso daga Sakkwato, ta bi ta Goronyo, ta iso Sabon Birni. Daga nan ta wuce Isa, ta shiga Shinkafi, har Ƙauran Namoda. Kowa a ƙasar Gobir ya san ta. Ran Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, motoci su kan bi ta da albasa da gero da awaki da mutane. A bakin hanyar akwai masu kaki. Idan suka ɗaga hannu, sai direba ya taka birki.

To, an tsai da mota, an duba, an sami laifi. Me zai biyo baya? Ma'aikaci yana iya ja wa direba kunne ya sallame shi. Yana kuma iya rubuta shi. Zaɓi yana hannunsa. Wannan zaɓi shi za mu duba yau, domin ya shafi aljihunmu, ya kuma shafi rayukanmu.

Da farko mu san su wane ne masu tsai da mu. A zamanin En'e akwai 'yan sanda iri biyu. Akwai na Gwamnati, akwai kuma 'yan doka, watau na En'e. Ɗan doka ɗan ƙasa ne. Ya san direba, ya san ubansa, ya san wanda ya saya masa motar. Sanin nan yana da amfani, domin ya san mai ganganci, ya san wanda tsautsayi ne ya same shi. Amma Hausawa sun ce, ido wa ka raina, wanda na ke gani yau da gobe. Ɗan doka ba ya iya rubuta yaron hakimi. 'Yan adawa kuwa, musamman na NEPU, sun sha kuka a shekarun 1950 cewa doka ta fi kaifi a kansu. Bayan soja sun karɓi mulki a 1966 aka yanke shawarar rushe 'yan doka, aka zuba su cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya.

A 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, Wole Soyinka ne shugabanta na farko. Aka sake mata doka a 2007. Ma'aikatanta suna da takardar laifi wadda su ke ba direba nan take. Direba ya zaɓa: ko ya biya tara a banki, ko ya tafi kotu ya kare kansa. Ɗan sanda kuwa ba alƙali ba ne. Idan ya ga laifi ya kai, kotu zai kai ka, alƙali ya yanka tara. Ku riƙe wannan da kyau. A cikin su duka babu wanda doka ta ce a danƙa wa kuɗin tara a hannu a bakin hanya.

Wani zai ce, ai da an hana su zaɓi an huta. Kowa ya yi laifi a rubuta shi, shi ke nan. Maganar tana da daɗin ji, amma ba ta yiwuwa. Ga misali daga tarihi. Ran 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama, kamar yadda a ke yi a Nijar. Direban da ya saba zuwa Maraɗi bai sha wuya ba. Amma wanda ya shekara ashirin yana bin hagu, hannunsa ya riga ya saba. Da a ce duk wanda ya ratse a makon nan an kai shi kotu, ina kotun da za ta ɗauke su? A irin wannan hali koyarwa ta fi tara aiki.

Bari mu ɗauki motoci biyu. Ta farko ta fito daga Isa da hantsi. An duba, lasin direba yana nan, takardu sun cika, birki yana ci. Sai dai fitilar baya guda ta mutu. Ma'aikaci ya ce, "Malam, ka ga fitilarka?" Direba ya zagaya ya duba, ya ce, "Ranka shi daɗe, ban lura ba." Ya ce masa, "Ka gyara kafin dare. In na sake ganinta haka, zan rubuta ka." Wannan shi ne jan kunne. Laifin ƙarami ne, rana tsaka ne, gyaransa ƙwan fitila ɗaya ne.

Ta biyu an yi ta don mutum goma sha takwas. An zuba ashirin da biyar, an ɗora buhunan albasa a sama, karen mota yana lilo a ƙofa. Tayoyin sun suɗe kamar tafin hannu. Direba yana ta ba da haƙuri, fasinjoji ma suna taya shi. A nan jan kunne ba alheri ba ne. Wanda ya saki motar nan don an roƙe shi, idan taya ta fashe a gaba, yana da kaso a cikin alhakin. Ni a ganina mu fasinjoji mun fi kowa laifi a wannan wuri. Mu ne cikin haɗarin, mu ne kuma masu cewa, "A yi masa afuwa, muna sauri."

Saboda haka ma'aikaci na kirki laifi ya ke aunawa. Ya kan tambayi kansa: abin nan zai iya kashe mutum? Da gangan aka yi, ko da rashin sani? Na taɓa ja masa kunne a kan wannan? Babbar rigar mai mota ba ta cikin awo. Garinsu da jam'iyyarsa ba sa ciki. Kaurin aljihunsa ma ba ya ciki.

A ƙasarmu akwai wani abin aunawa wanda babu shi a littafin doka, watau lokaci. A watan Disamba na 2021 'yan bindiga suka tare wata motar fasinja a ƙasar Sabon Birni, suka sa mata wuta, mutane da yawa suka rasu. Ba wanda ya manta. Kowane matafiyi yana so ya shiga gari da sauran rana. Idan aka riƙe mota awa uku a kan ƙaramin laifi, har la'asar ta yi sanyi, an hukunta mata da yara waɗanda ba su yi kome ba. Idan rubutawa ta kama, a rubuta da sauri a sallami mutane.

Yanzu sai mu zo ga abin da kowa ya sani, ba a cika faɗa ba. Tsakanin jan kunne da takarda an ƙirƙiro hanya ta uku. Ana kiranta na goro, ko na shan ruwa. Direba ya dunƙule kuɗi, ya miƙa hannu ta taga, mota ta wuce ba a ko duba ta ba. Sunanta na gaskiya cin hanci. Dokar laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta haramta shi ga mai karɓa da mai bayarwa duka. A 2012 Sufeto Janar na 'yan sanda, M. D. Abubakar, mutumin Gusau, ya ba da umurni a kawar da shingayen 'yan sanda daga manyan hanyoyi saboda irin wannan. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da wani ofishi na Majalisar Ɗinkin Duniya sun bincika a 2016. Suka ga cikin mutum 100 da suka yi hulɗa da ɗan sanda, wajen 46 sun ba da hanci. Da aka sake bincike a 2019 adadin ya sauko zuwa 33. An ragu, amma har a lokacin mutum ɗaya ne cikin uku.

Ɓarnar hanya ta uku ita ce ta kan juya awo. Mai fitila guda da ya ƙi ba da goro shi a ke riƙewa. Mai mutum ashirin da biyar da ya miƙa hannu shi ke wucewa. Kuɗin kuma ba daga aljihun direba ya ke fita ba. Ya riga ya ƙara shi a kuɗin mota tun daga tasha.

Yaya za ka bambanta su? Jan kunne kyauta ne. Idan aka ce an yafe maka amma ka kawo wani abu, ba a yafe maka ba, an sayar maka ne. Tara kuwa tana da takarda, kuɗinta a banki, kuma a ba ka rasit.

A nan ne karatunmu zai yi mana rana. Idan an miƙo maka takardar Hukumar Kiyaye Haɗurra, kada ka cusa ta a aljihu. Duba sunanka. Duba lambar motarka. Duba kwanan wata, da wurin da aka tsai da kai, da sunan wanda ya rubuta. Sa'an nan duba laifin. Da haruffa uku a ke taƙaita shi. OVL lodi ne fiye da kima. DLV laifin lasin ne. UPD waya ce a hannu ana tuƙi. DGD tuƙin ganganci ne. A jadawalin da hukumar ta buga bayan dokar 2007, lodi fiye da kima naira 10,000 ne, laifin lasin 10,000, waya 4,000, tuƙin ganganci 50,000. Ƙoƙarin ba ma'aikaci hanci shi ma an sa masa naira 10,000. Dubi tazarar da ke tsakanin 4,000 da 50,000. Haruffa uku ne kaɗai suka raba su. Wanda bai iya karatu ba, sai abin da aka faɗa masa.

Idan ka karanta ka ga an rubuta laifin da ba ka yi ba, kada ka yi zagi, kada ka kama rigar kowa. Ka faɗa cikin ladabi, "Ranka shi daɗe, wannan ba shi ne laifina ba." In ya gyara, to. In ya ƙi, ka karɓi takardarka, ka riƙe sunansa da wurin da sa'ar. Kana iya kai ƙara ofishinsu, kana iya tsayawa gaban alƙali. Takardar da ke hannunka ita ce shaidarka.

Aikin gida: kowa ya rubuta lambar motar da ya fi shiga zuwa kasuwa. Ya ƙidaya kujerunta, ya ƙidaya mutanen da a ka ɗauka, ya rubuta duka biyu da alƙaluma. Ku zo da shi aji mai zuwa.