Kakin Yayanka

Matso kusa, ɗana, kunnena ya yi nauyi. An ce mini ka je Matamaye ka ɗauki hoto, kana haɗa takardu, da zarar an buɗe ɗaukar soja sai Damagaram. Ban kira ka don in tare maka hanya ba. Magana guda ce da ka yi a majalisar samari ta hana ni barci, wai za ka je ɗaukar fansar yayanka.

Kai soja ka san shi, ni kuwa na san shi tun yana kiwon awaki a bayan Icirnawa. Ranar da ya zo neman izinina, lissafi ya yi mini da yatsu. Gonar mahaifinku idan aka raba ta tsakanin maza biyar, kowa abin da zai samu bai kai ya cika rumbu ba. Ka san halin ƙasar Kance, mutane sun yi wa gona yawa. A 2013 an tsinci gawa 92 a hamada kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, da damansu 'yan ƙasar nan ne. Ya ce shi ba zai zauna ya ga uwarsa ta bi wannan hanya ba.

Da aka ɗauke shi soja, aka kai shi Tondibiya, kusa da Yamai, ya sha horo. Ya dawo hutu ya rame, ya yi baƙi, amma ya durƙusa ya gaishe ni kamar yadda ya saba, har na ce ya tashi kada kakin ya yi ƙura. Duk ƙarshen wata jika 20 ko 30 na isowa hannun uwarku. Da su aka sa wa ɗakinta kwano, da su aka saya maka littattafan lakwal. Idan ya kira waya ba ya zancen daji. Sai ya tambayi damina, ko gero ya yi kai, ko 'yarsa ta fara tatata.

Sauran ka sani. Ranar 10 ga Disamba 2019 aka far wa barikin Inates, can jihar Tilaberi dab da iyakar Mali, sojoji 71 suka kwanta dama, har da yayanka. Aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙasa baki ɗaya, aka lulluɓe su da tuta, aka rufe su a sansanin sojan sama na 101 a Yamai. Mu nan a rediyo muka ji, muka yi ta kiran lambarsa ba ta shiga. Har yau uwarka ba ta ga kabarin ba, kuma wannan na ci mata rai fiye da yadda take nunawa. Wata guda bayan haka, ranar 9 ga Janairu 2020, wasu 89 suka faɗi a Sinagodar. Kowanne a cikinsu yana da ƙane mai zafin zuciya irinka.

Aikin soja aikin mutunci ne, ba na ƙasƙantar da shi, don da ba su tsaya can ba da ba mu yi barci nan ba. Sai dai bindiga amana ce, ɗana, mai fushi kuwa idonsa ba ya rarrabe ɗan ta'adda da makiyayin da ya zo shayar da shanu. Idan ka harbi wanda bai ji ba bai gani ba, me za ka ce wa Allah, me kuma ka ƙara wa mamacin?

Matarsa ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma a gidanku, ta koma gidansu, yarinyar tana hannun kakarta. Kuɗin nan na ƙarshen wata shi ne abin da ya fi damunsa, shi ya kamata ka fara gada. Ka ba ni damina ɗaya. Ka noma gonar, ka riƙa duba allon yarinyar, ka tara kuɗin mota ka kai uwarka Yamai ta tsaya kan kabarin ɗanta ta yi masa addu'a. In kun dawo zuciyarka ta huce, kana nan kan bakanka, ni da kaina zan raka ka tasha in sa maka albarka.

Tashi ka shiga ciki. Tun safe uwarka ba ta sa komai a bakinta ba, tana jiran ta ji yadda muka ƙare.