Yumɓun da ke tada mota

Mata masu ginin tukwane a ƙasar Kurfai sun san wuta ce ke ƙarfafa yumɓu. Amma tukunya mai zafi, in ruwan sanyi ya taɓa ta, tana iya tsagewa.

Akwai wani yumɓu na masana'anta da ke jure wannan. Sunansa nitirur na silisiyom. Haɗa shi ake yi. Silisiyom daga rairayi ake fidda shi. Azot kuwa cikin iska yake, kashi 78 cikin 100. Ana gasa garin silisiyom cikin azot, da zafi wajen digiri 1400. Sai a matse garin, a sake gasa shi.

Ba ya tsatsa. Nauyinsa bai kai rabin na ƙarfe ba.

Lokacin ɗari, motar gazuwal mai zuwa Yamai daga Filinge takan ƙi tashi da asuba. Buji ne ke ɗumama cikin injin. Wasu motocin zamani, da wannan yumɓu ake yin kan bujinsu. Daƙiƙa kaɗan ya yi ja.

Sai dai ba ya son bugu. Bujin da ya faɗi ƙasa kan tsage, ido bai gani ba. In ya karye cikin injin, gyaran na da tsada. Makaniken kirki sabo yake sawa.